Yadda Ake Ziyartar Hakone, Ƙasar Duwatsu da Ruwan Zafi a Japan

Duk wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki a Yankari ya san daɗin ruwan da ƙasa ta ɗumama da kanta. To amma Wikki digiri 31 ne, ɗumi-ɗumi, yaro ma sai ya wuni a ciki. Na Hakone yakan kai 41 ko 42 a kwamin wanka, a inda yake ɓuɓɓugowa daga cikin dutse kuwa ƙwai ake dafawa da shi. Japanawa suna kiran irin wannan ruwa onsen, kuma Hakone na cikin wuraren da mutanen Tokyo suka fi zuwa dominsa. Gari ne a lardin Kanagawa, kamar kilomita 80 kudu maso yammacin Tokyo, zaune a cikin wawakeken bakin wani tsohon dutse mai aman wuta, da tafki a tsakiya, da dutsen Fuji yana leƙowa daga nesa idan gari ya yi garau.

Yawancin baƙi sammako suke yi daga Tokyo, su zagaya a gurguje, su koma da daddare. Ni ban ba da wannan shawara ba. Wanda ya yi haka ya ga tashoshi da layukan jira, ruwan da ya sa aka san garin kuwa ko yatsa bai tsoma ba. Ka ware kwana biyu, ka kwana ɗaya a can. Kuma shirin ba daga tikitin jirgi yake farawa ba.

Fara da neman wurin wanka

Ga abin da ba a cika gaya wa mutanenmu ba sai sun isa: a wurin wankan jama'a na Japan tsirara ake shiga. Maza da ɓangarensu, mata da nasu, amma a cikin kowane ɓangare ba a yarda da gajeren wando ko ɗaurin ƙirji a cikin ruwa ba. Su a wurinsu tsafta ce, ba sa son zare ko sabulun tufa ya taɓa ruwan. A wurinmu kuwa al'aura al'aura ce ko a gaban ɗan'uwanka namiji ko 'yar'uwarki mace. Mutane da yawa a nan suke haƙura da wankan gaba ɗaya, alhali maganin abin yana nan a cikin al'adar su kansu Japanawan.

Kalmar da za ka riƙe ita ce kashikiri-buro, wato wurin wankan da ake kama maka kai kaɗai, ko kai da iyalinka, ka shiga ka sa sakata. Wasu wuraren kazoku-buro suke cewa, wankan iyali. Yawanci minti 45 ne zuwa awa ɗaya. Wani masaukin kyauta ne ga wanda ya kwana, wani sai ka ƙara kuɗi. Sama da wannan akwai ɗakin kwana mai kwamin ruwan zafi nasa na kansa a baranda, wanda za ka shiga duk lokacin da ka ga dama, ko da tsakar dare ne. Yana da tsada, amma idan da maiɗakinka ka zo, a nan ya kamata kuɗin ya tafi, ba a sayen tsaraba ba.

Saboda haka matakin farko shi ne ka buɗe shafukan kama masauki a intanet ka nemi ryokan, wato masaukin gargajiya, a unguwannin Hakone irin su Gora ko Miyanoshita ko Hakone-Yumoto, wanda ya faɗa ƙarara cewa yana da wankan keɓe. Ka aika musu saƙo kafin ka biya. Ka tambaya ko tun yanzu ake kama lokacin wankan ko sai an iso, ka kuma tambaya ko ruwan ɗakin na onsen ne na gaske, domin akwai ɗakunan da kwaminsu ruwan famfo ne aka dafa. Ka lura kuma: farashin ryokan na mutum ɗaya ne, ba na ɗaki ba, kuma yawanci ya haɗa da abincin dare da karin kumallo. A cikin wannan saƙon ne za ka yi maganar abinci, zan zo kanta. Idan aljihu bai kai ba, ka kwana a ƙaramin otal, ka je gidan wanka na wuni irin Hakone Yuryo da ke kusa da tashar Yumoto, inda ake hayar ɗakunan wanka na keɓe da awa.

Wane wata za ka zo

In Fuji kake son gani, ka zo da sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ta bushe sama ta washe. Sanyin ya fi na hunturun Jos nesa ba kusa ba, wani lokaci har da dusar ƙanƙara, amma babu lokacin da ruwan zafi ya fi daɗi kamarsa. Nuwamba ganye ke rikiɗa ja da rawaya, duwatsu su yi kamar an watsa musu wuta, sai dai jama'a sun yi yawa. Daga tsakiyar Yuni zuwa Yuli damina ce, hazo kan rufe komai, amma lokacin ne furannin ajisai ke cika gefen layin dogo. Ka kauce wa ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu da tsakiyar Agusta, hutun ƙasa ne, masauki kan yi wuya ya yi tsada. Haka 2 da 3 ga Janairu: ranar gudun ba-ni-in-ba-ka na ɗaliban jami'o'i ne, Hakone Ekiden, wanda ake yi tun 1920 daga tsakiyar Tokyo zuwa bakin tafkin Ashi a dawo, hanya takan cushe. Satumba da Oktoba kuma a sa ido kan guguwar teku. Ta Oktoban 2019 ta yanke layin dogon dutsen, sai Yulin 2020 ya dawo aiki. In da hali, ka sa kwananka ya faɗo tsakiyar mako.

Biza, jirgi, kuɗi

Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, kuma ofishin jakadancin Japan yana Abuja. Cikin takardun da suke nema akwai jadawalin tafiya kwana-kwana, da inda za ka kwana kowane dare, shi ya sa kama masauki da wuri ya zama riba biyu. Babu jirgi kai tsaye. Ta Adis Ababa ko Doha ko Dubai ko Istanbul ake bi, a sauka Narita ko Haneda, filayen jirgin saman Tokyo. Japan tana gaban Najeriya da Nijar da awa 8, don haka kada ka sauka daga jirgi ka wuce dutse. Ka kwana ɗaya ko biyu a Tokyo jiki ya dawo, domin shiga ruwa mai zafi da gajiyar tafiya da rashin barci yana kawo jiri.

Ka riƙe tsabar yen a aljihu, ƙananan shaguna da gidajen shayi na kan dutse ba duka ke karɓar kati ba. Injinan cirar kuɗi na shagunan 7-Eleven suna karɓar katunan waje. Ba a ba ma'aikaci tukwici a Japan, ko ka bari a tebur za a biyo ka da shi. Kwandon shara kuma yana da wuyar gani a titi, ka sa leda a jaka.

Daga Shinjuku zuwa gindin dutse

A tashar Shinjuku da ke Tokyo ka nemi kantar kamfanin jirgin ƙasa na Odakyu ka sayi Hakone Freepass na kwana biyu, akwai kuma na uku. Wannan tikiti ɗaya ya ɗauke maka zuwa da dawowa, da duk abin hawan da za ka shiga a can sau nawa ka ga dama: jirgin ƙasan dutse, taragon igiya, jirgin lilo, jirgin ruwa, da bas-bas na Hakone Tozan. Ka kula da na ƙarshen nan, domin kamfanoni biyu ke da bas a yankin, tikitin bai shafi na Izu-Hakone ba. Ka nuna wa direba tikitin kafin ka zauna.

Da ƙarin kuɗi kaɗan za ka sami kujera a Romancecar, jirgin da ke kai ka Hakone-Yumoto ba canji cikin kusan minti 85. Wanda ya fi kusa da babbar tashar Tokyo yana iya shiga Shinkansen, jirgin ƙasa mai tsananin gudu, minti 35 ya kai Odawara da ke kusa da Hakone, ya sayi Freepass a can. Wani abin farin ciki ga Musulmi: a kan wannan layi na Odakyu, tashoshi kaɗan daga Shinjuku, akwai Yoyogi-Uehara, inda babban masallacin Tokyo Camii yake, ginin Turkawa da aka sake buɗewa a 2000, da kantin kayan halal a harabarsa. Ka biya can ana gobe tafiya ka yi guzuri.

Da ka sauka Yumoto, kada ka ja akwati ka hau dutse da shi. A cikin tashar akwai kantar da ke karɓar kaya ta kai maka masauki da yamma, muddin ka miƙa kafin tsakar rana. Ka bar ƙaramar jaka kawai a kafaɗa.

Hawan dutse

Jirgin Hakone Tozan ya fara hawa wannan dutse tun 1919, kuma har yau minti 40 yake ɗauka daga Yumoto zuwa Gora, mai tsayin mita 541. Gangaren ya yi tsanani, a kowace mita dubu yana ɗagawa mita 80 a wasu wuraren, har jirgin ba ya iya juyawa. Sai ya shiga wani lungu ya tsaya cak, direba ya fito da jakarsa, kwandasta ya fito, su yi musayar wuri, gaba ta koma baya, a ci gaba da hawa. Sau uku ake yin haka. Ka zauna ta taga ka saurari kukan ƙafafun ƙarfe a kan kwana, ka leƙa rafin Hayakawa can ƙasa lokacin da ake ƙetare gada.

In kana son tarihi ka sauka Miyanoshita ka ga otal ɗin Fujiya, wanda aka buɗe a 1878, ɗan wasan fim Charlie Chaplin da marubuciya Helen Keller duk sun kwana a ciki. In da yara ka zo, tashar Chokoku-no-Mori ta fi: gidan adana kayan fasaha ne na fili, tun 1969, sassaƙe-sassaƙe a kan ciyawa, da zaure guda na ayyukan shahararren mai zane Picasso. A can akwai ashiyu, dogon kwamin ruwan zafi na ƙafa kawai. Ka naɗe wando ka zauna ka tsoma, ba tuɓe kaya, ba jin nauyin kowa. Shi ne ɗanɗanon farko.

Ƙarfe uku na rana ake fara karɓar baƙi a ryokan. Ka isa a kan lokaci. Awannin da ke tsakanin la'asar da abincin dare su ne ka biya kuɗi dominsu.

A masauki, da yadda ake wankan

A bakin ƙofa za ka cire takalmi a ba ka silifa. Silifar ma tana tsayawa a bakin ɗaki, domin tabarmar tatami da ƙafa ko safa kawai ake taka ta. Banɗaki yana da tasa silifar dabam, kada ka fito da ita. A kan shimfiɗa za ka tarar da yukata, doguwar rigar auduga mai ɗamara. Gefen dama ake fara kwantarwa a jiki, na hagu ya hau kansa. Akasin haka gawa ake yi wa, kuma za ka ga fuskar ma'aikaciya ta canza idan ka juya. Babu laifi ka sa dogon wando da riga a ciki, mace kuma ta ɗora hijabinta a kai.

Kafin ka nufi wanka ka sha ruwa kofi ɗaya ko biyu, ka cire zoben azurfa ka bari a ɗaki. Ruwan da ke da farar wuta yana mayar da azurfa baƙa ƙirin cikin minti kaɗan. Idan za ka wuce ta ƙofofin wankan jama'a, labule shuɗi mai alamar 男 na maza ne, ja mai alamar 女 na mata, kuma wasu masaukan suna musanya su tsakanin dare da safe. Kai dai naka mai makulli ne.

Ciki kashi biyu ne. Na farko wurin tuɓe kaya, da kwanduna. Babban tawul a nan yake zama. Ƙaramin ne kawai ke shiga da kai. Na biyu wurin wanka: jerin famfo a ƙasa-ƙasa, da kujera 'yar tsugunno, da ɗan bokiti, da sabulu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi da wankan bokiti. Ka zauna ka cuɗa jikinka sosai, kai da ƙafa, ka ɗauraye har kumfa ta ƙare, ka ɗauraye kujerar ka mayar da ita yadda ka same ta. Wankan tsafta a nan ya ƙare. Kwamin ruwan zafi ba wurin cuɗa ba ne, wurin zama ne, kuma ko kai kaɗai ka kama shi, wani zai shiga wannan ruwan bayanka.

Sai ka ɗebi ruwan kwamin da bokiti ka zuba a ƙafa, sannan gwiwa, sannan cinya, sannan kafaɗa, jiki ya san abin da ke tafe. Ka shiga a hankali zuwa ƙugu, ka dakata. Minti ɗayan farko za ka ji kamar fata za ta saɓule. Kada ka motsa, motsi ke ƙara zafin. Can sai ka ji abin ya lafa, ka nutsa zuwa wuya. Ƙaramin tawul ba ya taɓa ruwa: ka jiƙa shi da ruwan sanyi ka ninke ka ɗora a ka. Mai dogon gashi ko kitso ta ɗaure shi sama. Ba a nutsa kai, ba a iyo, ba a ɗaukar hoto a wurin jama'a.

Idan kwamin na waje ne, wanda suke kira rotenburo, a nan za ka gane dalilin doguwar tafiyar. Jiki yana cikin zafi, fuska tana shan iskar dutse mai sanyi, tururi na tashi yana bi ta cikin rassan itace, babu abin da kake ji sai ruwa yana zuba daga bututun gora. Gwiwar da ta sha zaman jirgi awa ashirin sai ka ji ta saki.

Minti biyar zuwa goma ya isa a karon farko. Ka fito ka zauna a gefe, ka huta, ka koma. Da ka ji zuciya na bugawa da sauri ko kai na juyawa, ka fita, kuma ka miƙe sannu-sannu kana dafe da gefe. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, da mai juna biyu su tuntuɓi likita tun daga gida. Kada a shiga da cikakken ciki. Lambar motar asibiti a Japan 119 ce. Kafin ka koma wurin kaya ka matse ƙaramin tawul ka goge jiki, kada ka jiƙa musu daɓe.

Abu ɗaya ga mata: gidajen wanka da yawa ba sa karɓar mai zanen allura a jiki, saboda an daɗe ana danganta shi da 'yan daba a ƙasar. Baƙin lalle a hannu ana iya ɗauka shi ne. Ki yi bayani a wurin karɓar baƙi tun da farko cewa ƙunshi ne mai gogewa, ko ki bar ƙunshin sai an dawo. A wankan keɓe wannan magana ba ta tasowa. Ranar biya kuma za ka ga an ƙara yen 150 a kan kowane mutum. Harajin wanka ne na hukuma, ba cuta ba ce.

Abinci da sallah

Abincin dare yakan zo tsakanin ƙarfe shida da bakwai, ƙananan kwanuka goma ko fiye, ɗaya bayan ɗaya: ɗanyen kifi, gasasshe, miya, awara, ganyaye, shinkafa a ƙarshe. Tun kwanaki kafin zuwanka suke tsara shi, shi ya sa ba a canza shi a kan tebur. A saƙon da ka aika tun farko ka rubuta cewa ba ka cin naman alade, ba ka shan giya, kuma ka fi son kifi da ganye a madadin kowane nama. Naman alade mai sauƙin kaucewa ne. Abin da ya fi ɓuya shi ne mirin, giyar shinkafa mai zaƙi da suke zubawa a miya da romo kamar yadda muke sa daddawa. Har romon taliyar soba yawanci da ita. Ka ambace ta da sunanta. Wasu masaukan za su iya cirewa, wasu za su ce ba za su iya ba, kuma gara su faɗa maka gaskiya. Sai ka kama ɗaki ba abinci, ka dogara da guzurinka da gasasshen kifi da farar shinkafa. A fakitin kanti ka nemi alamun nan biyu: 豚 alade, 酒 giya. Kada ganin awara ya sa ka saki jiki, akwai wata sananniyar soyayyar awara a Gora da ake cusa wa niƙaƙƙen naman alade.

Kuma kada ka tambayi ma'aikaci buta. A harshensu buta alade ne. Ba ma ka buƙatarta, banɗakunan Japan suna da maɓallin feshin ruwa a gefe, alwala kuma ka yi ta a wurin wanka na ɗakinka. Alƙibla daga Japan yamma ce ta ɗan karkata arewa. Tabarmar ɗakin tsaf take, ka shimfiɗa dardumarka. Da sanyi rana na faɗuwa tun wajen huɗu da rabi, don haka ka duba lokutan sallah a waya, ka kuma yi amfani da sauƙin da aka yi wa matafiyi na ƙasaru da haɗawa, domin a kan dutse wurin sallah na musamman yana da wuyar samu.

Kashegari: kwarin hayaƙi

Bayan asuba ka sake shiga ruwa, wankan safe ya fi na dare shiru. Ka karya, ka bar akwati a kantar masauki a mayar maka da shi tashar Yumoto, ka fita da wuri. Fuji da safe yake bayyana, kafin azahar gajimare ya naɗe masa rawani.

Daga Gora taragon da igiyar ƙarfe ke ja zai kai ka Sounzan cikin minti goma. Daga nan sai jirgin lilo, akwatin gilashi rataye a waya, wanda a allo aka rubuta Hakone Ropeway. Za ka yi ta hawa bisa kan itatuwa, kwatsam sai ka ƙetare ƙoƙuwar tudu, ƙasa ta buɗe a ƙarƙashinka: kwari tsirara babu ko ciyawa, rawaya da toka-toka, hayaƙi na fita ta ko'ina, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika akwatin. Wannan shi ne Owakudani, mita 1,044 sama da teku, wanda aman wuta ya haƙa kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Da can sunansa Babbar Jahannama, sai a 1873 aka canza saboda ziyarar Sarkin Japan Meiji. Ka dubi bututun da suka ratsa kwarin: da tururin nan ake haɗa ruwan zafin da ake turawa masaukai da dama na Gora da Sengokuhara, ƙila har wanda ka shiga jiya.

Dutsen yana raye. A 2015 ya yi ɗan amai aka rufe wurin, a 2019 aka sake rufewa na wasu watanni. Ka duba shafin kamfanin da safe kafin ka fito, iska mai ƙarfi ma tana tsayar da jirgin lilo, a sa bas a madadinsa. Mai asma ko ciwon huhu ko na zuciya an gargaɗe shi kada ya hau, kuma gargaɗin na gaske ne. Shi sai ya bi bas ya sadu da ku a bakin tafki.

A nan ake sayar da kuro-tamago, baƙin ƙwai. Ƙwan kaza ne da aka dafa a tafkin dutsen, farar wuta da ƙarfen cikin ruwan suka rina ɓawonsa baƙi kamar gawayi. Za a miƙo maka shi da zafi a jakar takarda da ɗan ƙullin gishiri. Ka fasa, ciki fari tas. Mutanen wurin suna cewa kowane ɗaya yana ƙara shekara bakwai. Kwana dai na Allah ne, amma ƙwan yana da daɗi a cikin wannan sanyi, kuma ba ya buƙatar tambayar halal.

Tafki, shingen sarki, da tsohuwar hanya

Jirgin lilo zai sauke ka Togendai, a bakin tafkin Ashi. Ka shiga jirgin ruwan da aka ƙawata kamar na 'yan fashin teku, ka hau sama ka tsaya a fili. Cikin kusan rabin awa ka kai ɗaya ƙarshen. Ka sauka Hakone-machi.

Taku kaɗan daga gaɓa akwai Hakone Sekisho, shingen bincike da gwamnatin soja ta gidan Tokugawa ta kafa a 1619 a kan Tokaido, babbar hanyar da ta haɗa Edo, wato Tokyo ta yau, da Kyoto. Ya yi aiki har 1869, ginin da za ka gani kuma an sake shi ne bisa tsoffin takardu aka kammala a 2007. Abin da aka fi sa wa ido a nan shi ne mata masu fita daga Edo. Dalili kuwa, shugaban sojan ƙasar yana tilasta wa sarakunan larduna su bar matansu da 'ya'yansu a Edo a matsayin jingina, don kada su yi tawaye. Matar sarki ta sulale, alamar mijin yana shirin yaƙi ke nan. Har mace ta musamman aka ajiye mai kwance gashin matafiya tana dubawa. Ka hau matakalar da ke bayan ginin zuwa ɗakin mai gadi, daga can tafkin duka yana tafin hannunka.

Daga nan ka taka zuwa Moto-Hakone ta cikin layin itatuwan sugi, kusan 400, waɗanda aka dasa tun farkon zamanin Edo don su yi wa matafiya inuwa.  A Moto-Hakone ne ake ɗaukar hoton nan da ya cika intanet, jar ƙofa tsaye a cikin ruwa da Fuji a baya. Ƙofar ta wurin bautar Shinto ce, addinin gargajiyar Japan, da aka kafa a 757, ita kanta kuma a 1952 aka gina ta. Layin masu jiran hoto a gindinta yakan yi tsawo ƙwarai. Daga gaɓar garin ta fi kyau a ido, kuma ba jira. Wurin ibadar mutane ne, in ka shiga harabar ka yi shiru ka ba masu yi hanya, babu mai tilasta maka yin komai.

In ƙafa tana da sauran ƙarfi kuma takalminka mai kama ƙasa ne, ka bi tsohuwar Tokaido ta cikin daji, inda duwatsun da aka shimfiɗa tun zamanin Edo suke har yau, sun yi sulɓi da gansakuka. Bayan ruwan sama kada ka gwada. Tafiyar kamar minti 40 za ta kai ka Amazake-chaya, gidan shayi mai rufin ciyawa da daɓen ƙasa, da murhu a tsakiya, wanda zuriya ɗaya ke riƙe da shi kusan shekara 400. Abin shansu amazake ne, kamar kunun shinkafa mai kauri, zaƙinsa daga shinkafar ne ba sukari. Iri biyu ne a Japan: wanda ake yi da dusar giya, da wanda ake yi da shinkafa zalla. Na wannan gida na biyun ne, babu giya a ciki. Ka haɗa da gasasshen mochi, curin shinkafa mai danƙo, ka yanka ƙanana ka tauna sosai, musamman in da yaro ko dattijo a tafiyar.

A ƙofar gidan bas mai harafin K yake tsayawa, kuma Freepass ya ɗauke shi. Ka sauka Hatajuku, ƙauyen masu yosegi, sana'ar haɗa ƙananan itatuwa masu launi dabam-dabam su ba da zane ba tare da fenti ba, sannan a fere shi siriri kamar takarda a manna a jikin akwati. Ka tsaya ka ga mai sana'ar yana tura abin fira, zanen yana fitowa a naɗe. Tsarabar da ta fi ita ce akwatin sirri, wanda ba ya buɗewa sai an zame ɓangarorinsa bi da bi, wani sau bakwai, wani fiye da ashirin. Ka roƙi takardar da ke nuna yadda ake buɗewa, ka adana ta dabam da akwatin.

Bas na gaba zai gangara da kai Yumoto. Shagunan titin tashar suna fara rufewa wajen biyar zuwa shida, kantar kaya ma tana da lokacin tashi, don haka ka fara karɓar akwatinka, ka kama kujerar Romancecar ta komawa, sannan in da sauran lokaci ka zagaya. Ƙaramin tawul ɗin da ka yi wanka da shi ka ƙulle shi a ledarsa dabam, warin farar wuta yana kama sauran kaya.